Masu lambun kudancin Girinland da masu son sayen tsibirin

A kudancin Girinland, watan Yuni zuwa Agusta ne kaɗai ƙasa ke sakin jiki har a iya sa mata fartanya. A cikin 'yan makonnin nan mutanen garuruwan Narsaq da Qaqortoq ke haƙa kunya a bayan gida, su binne dankalin turawa, su dasa kabeji da latas, su lulluɓe kunyar da farin ƙyalle saboda sanyin dare yana iya ƙone ganye ko a tsakiyar Yuli. Rana kuwa ba ta yi musu rowa, don a lokacin da wuya gari ya yi duhu sosai. A Upernaviarsuk, kusa da Qaqortoq, akwai tashar gwajin noma ta gwamnati inda ake gwada irin da zai iya nuna kafin sanyi ya dawo.

Wannan noma ba ya ciyar da ƙasar. Kashi 80 cikin 100 na tsibirin ƙanƙara ce, mutanensa ba su wuce 57,000 ba, babu titin mota tsakanin gari da gari, kuma yawancin kayan miya da ke kantunan Nuuk, babban birni, jirgin ruwa ne ya kawo su daga Denmak, wadda tsibirin ke ƙarƙashin masarautarta. Amma ni a ganina duk wanda ke son fahimtar rigimar da manyan ƙasashe ke yi a kan yankin Aktik, wato yankin ƙanƙara na can ƙurewar arewacin duniya, gara ya fara da waɗannan kunyoyi kafin ya je ga taswirar janar-janar.

Dalilin rigimar ba ɓoyayye ba ne. Tun daga 1979 yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na yadda sauran duniya ke yi. Ƙanƙarar teku na ja da baya, hanyoyin ruwa na buɗewa. Rasha ta sa kuɗi mai yawa a hanyar da ke bin gaɓarta ta arewa, tana da jiragen fasa ƙanƙara masu amfani da nukiliya, kuma a 2024 an yi jigilar kayan da suka kai kusan tan miliyan 38 ta wannan hanya. Sin ta ayyana kanta a 2018 a matsayin ƙasa ta kusa da Aktik, duk da nisan da ke tsakani. Finland ta shiga NATO a 2023, Siwidin ta bi ta a 2024. Sai dai a rage zuzutawa: mafi yawan kayan da ke bin hanyar arewacin Rasha iskar gas da man Rasha ne da ake fitarwa, kuma kafin rikicin Bahar Maliya abin da ke ratsa mashigin Suwez a shekara ya haura tan biliyan ɗaya.

Amurka kuma ba yau ta fara kwaɗayin Girinland ba. A 1946 gwamnatin Truman ta yi wa Denmak tayin dala miliyan 100, aka ƙi. A 1951 aka ƙulla yarjejeniyar tsaro wadda har yau take ba Amurka damar riƙe sansaninta na Pituffik, inda na'urori ke sauraron makamai masu linzami da ka iya ratso arewacin duniya. Donald Trump ya tayar da maganar saye a 2019, ya sake tayar da ita da ya dawo mulki a 2025. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, yarjejeniyar 1951 ta riga ta buɗe ƙofar ƙara sojoji idan aka yi shawara da masu ƙasa. To idan tsaro ne damuwar, me ya kawo maganar mallaka?

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa, kuma a nan ne lambu ya shigo. Dab da Narsaq akwai dutsen Kvanefjeld, wanda 'yan ƙasa ke kira Kuannersuit, ɗauke da ma'adinan da ake yin maganaɗisun motocin lantarki da injinan iska da su, haɗe da yuraniyom. Wani kamfanin Ostireliya, wanda wani kamfanin Sin ke da hannun jari a ciki, ya shafe shekaru yana shirin haƙa. Makiyayan tumaki da masu lambu suka ce ƙurar za ta sauka a kan ciyawarsu da ruwan shansu. Mutanen Arlit, garin haƙar yuraniyom a Nijar, ba sai an yi musu dogon bayani kan irin wannan fargaba ba. Maganar ta zama jigon zaɓen 2021, jam'iyyar Inuit Ataqatigiit mai adawa da haƙar ta yi nasara, kuma kafin shekarar ta ƙare majalisa ta haramta haƙar yuraniyom. 'Yan tsirarun manoma, a yankin da kiwon tumaki na zamani bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, suka tsayar da aikin da manyan ƙasashe ke zuba wa ido.

Sun iya yin haka ne saboda dokar cin gashin kai ta 2009 ta ba su iko da ma'adinansu, kuma a Girinland ba wanda ke mallakar fili, ko da ɗan ƙasa ne. Izinin amfani ake ba mutum, ƙasar kuwa ta kowa ce. Mutanen da ba sa sayar wa junansu kangon gida su ne ake cewa su sayar da tsibiri sukutum. Ba mamaki da wani jin ra'ayi na Janairun 2025 ya nuna kashi 85 cikin 100 ba sa son zama ɓangaren Amurka.

Masu goyon bayan haƙar ma suna da hujjar da ba za a raina ba. Kifi da jatan lande ne kusan kashi 90 na abin da ƙasar ke fitarwa, kuma Denmak na zuba mata kimanin krona (kuɗin Denmak) biliyan 4 duk shekara. Wanda ke son cikakken 'yanci dole ya nemo abin da zai cike wannan gurbi, dankali kuwa ba zai cike shi ba. Ɗumamar ma ba kyauta ce zalla ba: lokacin noma ya ɗan tsawaita, amma fari ya riƙa addabar kudu a wasu shekarun, har makiyaya suka koma ban ruwa da sayen abincin dabbobi daga waje.

Duk da haka ina tare da mutanen Narsaq, domin su ne za su shaƙi ƙurar idan lissafin injiniyoyi ya kuskure. Barazanar da ta fi kusa da su ma ba daga jirgin yaƙi take ba. Kamfanin da aka hana haƙa ya shigar da ƙara yana neman diyyar dala biliyan 11.5, kuɗin da ya ninka abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau uku. Idan irin wannan da'awa ta yi nasara, majalisar da za ta sake cewa a'a ga wani kamfani sai ta fara duba asusunta tukuna.