Ɗakin renon ƙwayoyin ciwon daji ɗaya mai aiki ya fi na'urori goma a kulle

Mai binciken ciwon daji ba ya gwada magani sai da ƙwayoyin halittar ciwon masu rai a gabansa. Ana renonsu ne a 'yan kwalaben roba, cikin wani ruwa ja-ja mai ɗauke da abincinsu, a na'urar ɗumama da ke riƙe zafi a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Bayan kwana biyu ko uku a sauya musu ruwa, in sun cika kwalba a raba su. Waɗanda za a adana sai a daskarar da su cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Ba ruwansu da hutun Sallah, ba ruwansu da yajin aiki.

A nan Ingila inda nake aiki, manyan cibiyoyi ba sa ɗora wa kowane malami wannan nauyi shi kaɗai. Cibiyar Francis Crick da aka buɗe a Landan a 2016 tana da sashe guda da ke yi wa duk masu bincikenta hidimar ƙwayoyi: shi ke adana su, shi ke ba da su, shi ke tantance cewa abin da ke cikin kwalba shi ne abin da aka rubuta a jikinta. Tantancewar nan ba ƙaramin abu ba ce. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa daga jikin Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins na Amurka, aka sa musu suna HeLa. Saboda saurin yaɗuwarsu, a tsakiyar shekarun 1960 Stanley Gartler ya nuna cewa ƙwayoyi da dama da ake ɗauka na wasu sassan jiki ne, ashe HeLa ce ta mamaye su. Mutane sun yi shekaru suna wallafa sakamako a kan abin da ba shi ba. Ga kuma maikofilasma, ƙwayar cutar da ke shiga kwalba ba tare da ruwan ya gurɓace a ido ba, ta ɓata sakamako a ɓoye. Ɗalibi shi kaɗai ba zai iya tsare kansa daga waɗannan ba, sai ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan.

A gida Najeriya fa? Abin da na gani lokacin karatuna shi ne kowane sashe yana fafutukar mallakar na'urarsa. A sayo ta da kuɗi masu yawa, a yi bikin ƙaddamarwa, a kulle ɗaki, makulli yana aljihun mutum ɗaya. Ba a ware kuɗin man janareta ba, ba a tanadi naitirojin ba, ba a horar da wanda zai kula da ita ba. Wuta ta ɗauke dare ɗaya, aikin wata shida ya mutu. Abin yana yi mini ciwo, domin ɗaliban nan ba basira suka rasa ba.

Kuma mun san wannan tsari tun tuni. Ba kowane gida ke sayen injin niƙa ba. Ɗaya ne a unguwa, da mai kula da shi, kowa ya kawo hatsinsa ya biya abin da ya sawwaƙa.

Kada wani ya ce ƙasarmu ba ta kai ba. A 1963, a Ibadan, Robert Pulvertaft ya reni ƙwayoyi daga wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11 da ke fama da sankarar Burkitt. Ƙwayoyin Raji ke nan, waɗanda har yau ake amfani da su a ɗakunan bincike a faɗin duniya. Yanzu mai bincike a Kano ko Zariya in yana son su, yawanci sai ya yi odarsu daga ma'ajiyar ƙwayoyi ta ATCC da ke Amurka ko makamanciyarta a Turai, da kuɗin waje, yana addu'ar kada ƙanƙarar da aka kunsa su ta ƙare a tashar jirgi.

Abin da ya fi damuna shi ne mafi yawan ƙwayoyin da duniya ke gwada magani a kansu daga jikin Turawa da mutanen gabashin Asiya aka samo su. Alhali binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta ya nuna cewa wani nau'in sankarar mama mai tsanani, wanda maganin homon ba ya yi masa aiki, ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma. In ba mu reni ƙwayoyin marasa lafiyarmu ba, wa zai yi mana?

Cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, wadda Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, ta nuna cewa ana iya tara kayan aiki wuri ɗaya a buɗe wa masu bincike ƙofa. Ina son TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, su bi wannan hanya: ɗakin renon ƙwayoyi ɗaya a kowace shiyya, kusa da asibitin koyarwa, da sola da batura, da injin samar da naitirojin, da ma'aikata na dindindin masu albashi mai kyau. Kuma kada a ɗebi ko ɗigon jini daga majinyaci sai an yi masa bayani da yarensa ya amince, domin Henrietta Lacks ba a tambaye ta ba.