Ƙararrawar Baba Maigadi

Ni dai ban roƙi kowa ya ba ni lasifika ba, wannan a rubuta a ajiye. Sakataren ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ne ya kira ni daren Juma'a, wai shugaba ya tafi Tamale ta'aziyya, ni zan yi jawabi a madadin 'yan ajin 1997 a taron sallama a tsohuwar makarantarmu. Asabar da safe na zuba farar shaddata ta Babbar Sallah, na hau pragya, wato keke mai ƙafa uku, daga unguwar Aboabo a nan Kumasi. Ko da na isa an kafa rumfa uku, an jera kujerun roba, Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, ta sauke tukwanenta a bayan ajin 'yan firamare.

Mutum biyu ake sallama. Akwai Masta Lissafi, wanda ya cika sittin, gwamnati ta ce ya ajiye alli ya koma gida ya jira fanshon SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa. Tun 1988 yake makarantar nan, shekara guda bayan an kafa sashen makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana. Sai Baba Maigadi. Shi ma an ce sittin ya cika, amma wannan sittin ta takarda ce, don tun muna sa gajeren wando gemunsa fari ne. Kuma shi ba fansho, ba komai, ƙungiyar iyaye ce ke haɗa masa ɗan abin da ya samu a ƙarshen wata.

Jawabin ya fara lafiya lau. Na yi bisimilla, na gaida liman, na gaida wakilin Sarkin Zango, na gaida shugaban taro, wato Alhaji Dogo namu na Suame Magazine, unguwar makanikai, wanda ya biya kuɗin rumfa. Na tuno lissafin ka da Masta ke yi mana kowace Litinin da sassafe, bulala a hannu, bakwai sau takwas, kafin ka buɗe baki ta sauka. Aka yi dariya, aka tafa. To wannan tafin ne ya cuce ni. Da na ji shi sai kaina ya kumbura, na ninke takardar da na rubuta na sa a aljihu, na ce bari in ba jama'a wani labari da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kun tuna ƙararrawar makaranta, ƙarfen tayar babbar motar nan da ke rataye a bishiyar darbejiya? Kun tuna ta ɓace a 1996? Na dafa ƙirji, ina murmushi har kunne, na ce: "Jama'a, yau ranar yafiya ce. Ni na ɗauke ta."

Na ma ƙara da bayani, Allah Ya shirye ni. Na ce daren Lahadi na kwance ta, na gangara da ita har Akwatia Line wurin masu gwangwan, a tunanina idan babu ƙararrawa babu taron safe, idan babu taron safe babu lissafin ka. Kuɗin kuma na shiga kallon ƙwallon Kotoko da su a filin da yanzu ake kira Baba Yara. Litinin ɗin Masta ya zo da usur.

Na tsaya ina jiran dariya. Wani yaro guda ne ya yi, uwarsa ta make shi.

Sai na ga Baba Maigadi yana neman sandarsa. Tashin nan nasa ya ɗauki lokaci, wallahi kamar shekara. Ya dafa kujera, ya gyara hula, jikansa ya riƙe masa hannu, ya tako ɗaya bayan ɗaya, babu mai tari a rumfar. Ni kuwa ina tsaye da lasifika, murmushin ya bushe a fuskata, na rasa yadda ake sauke shi. Ya zo har gabana, ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce: "Ɗana, ashe kai ne?"

Na ce, "Baba, ƙuruciya ce."

Ya ce, "Dubu ashirin aka yanke mini. Aka ce barci nake yi. Watan nan gari da gishiri muka ci a gidana."

Duk wannan a bakin lasifika, kuma masu kayan sautin sun juya wata babbar sifika tana kallon titi, har masu sayar da koko a bakin hanya suna ji. 'Yan matasan da aka haifa bayan canjin kuɗi suka ji dubu ashirin suka fara salati. A nan ne ya kamata in durƙusa in yi shiru. Sai shaiɗan ya ce mini in yi gyara. Na ce, "A'a jama'a, tsohon kuɗi ne fa. Tun 2007 aka cire sifiri huɗu, dubu goma ta koma sidi ɗaya. Kenan sidi biyu ne."

Sidi biyu. Ni da bakina, a gaban liman, da shadda mai aiki a wuya.

Ihun da mata suka yi ban taɓa jin irinsa ba ko a gidan suna. Wata daga baya ta ce, "Kai, ba ka da kunya!" Na gane muryar, ƙanwar babata ce. Alhaji Dogo ya jawo tasa lasifikar a hankali, ya ce shi ba zai ce komai ba, illa dai a tuna wa mai jawabi cewa shi aka kama a lokacin, don an gan shi yana wasa a gindin bishiyar, kuma bulala goma sha biyu ya sha a gaban 'yan mata. Ya ce ya yafe. Yadda ya faɗi "na yafe" ɗin, gara ya mare ni.

Masta kuwa ko motsi bai yi ba sai da aka lafa. Ya miƙo hannu, na ba shi lasifika kamar ɗan aji uku. Ya ce, "Ba ka ci lissafi a 1996 ba, yau ma ba ka ci ba. Baba, dubu ashirin ɗin nan nawa ne a albashinka?" Baba ya ce rabi. Masta ya ce, "To tambaya ta fito. Rabin albashin maigadi na yau. Kai, nawa ke nan?" Na rantse sai da na ji bayana ya yi tsam, ina jiran bulala.

Aka tsayar da sidi ɗari biyar. Na ciro waya da ƙarfin hali zan tura ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, jikan Baba ya manne a kafaɗata yana karanto lamba. Na danna. Yaron nan ya leƙa, ya ɗaga murya: "Ya ce kuɗinka bai kai ba!" Sai da uwargida ta taso daga cikin mata, ta kwance bakin gyale, ta ƙirgo ɗari biyu ta cika, ba ta ko dube ni ba. Har yau maganar ba ta mutu a gida ba.

Amma duk wannan bai ƙona mini rai kamar sakatare ba. Mutumin nan, ku da kuka san shi, wata uku muna bin sa sidi hamsin na gudummawar kyauta, kullum "gobe in sha Allah". Bai biya ba. Amma shi ne a babban tebur kusa da wakilin Sarki, shi ne ya miƙa wa Masta batakari ana ɗaukar hoto kamar daga aljihunsa ya fito. Lokacin da ake mini ihu yana riƙe da waya yana ɗauka, kafin la'asar ya watsa a WhatsApp, har 'yan ajinmu da ke Jamus da Amurka suna turo mini hoton ƙararrawa. Kuma da idona na ga ya fita da ƙunshin waakye uku, ɗaya a cikin babbar riga. Wannan shi ne wanda a aji shida ya ci mini kuɗin littafi ya ce ɓera ne. Ban manta ba. Da shi aka ba lasifikar, da an ji abin da ya fi ƙarfen taya.

Ni ko waakyen ban samu ba, da na je Hajiya ta ce sai ƙanzo, shito, miyar barkonon, ma ya ƙare. Agogon bangon da muka saya wa Baba kuma ashe babu batir a ciki, an ce wai wannan ma ni zan kawo. Jiya na wuce ta ƙofar gidansa, yana zaune a kan tabarma, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Mai ƙararrawa, an fito?" Na ce an fito, Baba. Batirin yana aljihuna, sai da na kai Asawase na tuna.