Intabiyun MBA ba jarrabawar lissafi ba ce

Da yawa suna ɗauka in makarantar kasuwanci ta kira ka intabiyun neman shiga MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, tambayoyin lissafi za a yi maka, sai mutum ya kwana yana hadda. Wallahi ba haka ba ne, wannan ai sakamakon GMAT, wato jarrabawar neman shiga irin wannan makaranta, da takardunka sun riga sun nuna musu. A makarantar kasuwanci ta jami'ar Harvard da ke Amurka minti 30 ne kacal, mai tambayar ya karance fayil ɗinka tsaf, zai ce me ya sa ka bar wancan aikin, da kuka saɓa da oganka yaya ka yi, sannan cikin awa 24 ka rubuto musu yadda ka ga hirar. Don Allah zauna ka tuno labaran aikinka na gaske, har wanda ka kasa.