'Yan uwa masu nema a cikin rana, ku ji tausayin jikinku

Magina, 'yan dako, 'yan garuwa da masu kabu-kabu na Damagaram, da ku nake. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, duwatsun Birni su yi ta huci har bayan isha'i.

A bazarar bara na ga wani yaro mai turin kura a bakin kasuwar Dole, wajen azahar. Ya saki kurar, ya zauna daɓas, yana ta sambatu. Wani ya ce iska ce, wani ya ce ƙwaya ya sha. Na taɓa goshinsa, kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Rana ce ta buge shi, mutane kuwa sun zagaye shi sun tare masa iska.

Galibi abin ba ya zuwa kwatsam. Kai zai fara sara, jiri ya biyo, ƙafa ta riƙa ɗaurewa, fitsari ya koma kamar shayi ko ya ɗauke gaba ɗaya. A nan ya kamata ka ajiye aiki, ka nemi inuwa. Amma sai ka ce kar a kira ka rago, ka haɗiye tramol ka ci gaba. Ɗan uwa, ƙwayar nan gajiyar kawai take rufe maka, ƙodarka tana can tana wahala.

Sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. In gumi ya yi yawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Na san ruwa tsada gare shi a garin nan, amma bai kai kuɗin kwanciya asibiti ba.

Wanda ya fara ruɗewa kuwa, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi sharkaf, musamman wuya da hammata, a yi ta yi masa fifita har a isa asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa ruwa, zai shaƙe.

Ku kuma iyayen gida masu ba da aiki, don Allah a fara kwaɓa da zubin kankare tun da asuba. In rana ta take, ku bar yaran nan su huta zuwa la'asar, kuma kada a zabtare musu ko dala.