Ba kowane ƙwaro ne ɓarawon gona ba

Abin da ke ba ni haushi shi ne, da zarar mutum ya ga ƙwaro a jikin shukarsa sai ya rarumo maganin feshi, bai ko tsaya ya duba wane iri ne ba. Haka ake yi wa makesu kuɗin goro, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, alhali ba shi ya ci ganyen ba.

Gaskiya ne danginsu ɗaya da ƙwaron wake da hangara, amma hali ya sha bamban. Ƙwaron wake a jikin ƙwaya yake saka ƙwai, tsutsar ta huda ta shige ta cinye ciki, sai ka kwance buhu ka tarar da huji da gari. Tsutsar makesu kuwa mafarauciya ce. A ƙasa mai laima take zama, wani lokaci har shekara biyu, tana farautar dodon koɗi, wanda shi ne ma ke gwaguyar sabon tsiro. Ka ga ashe aiki take maka kyauta. In makesu ya yi fiffike, makonni kaɗan suka rage masa, wasu ruwan fure suke lasa, wasu ko abinci ba sa ci.

Inda na yi wa mutane uzuri shi ne wajen hangara, don da rana sukan yi kama: jiki dogo, fiffike mai taushi. To duba kai. Na hangara a fili yake, da ɗan siririn wuya. Na makesu a ɓoye yake ƙarƙashin wani abu kamar garkuwa. Hangara fure take cinyewa, in kuma ka murje ta a fata sai wurin ya yi bororo. Kada ma ka gwada.

Walƙiyar nan fa ba ado ba ce, kira ne tsakanin namiji da mace, kuma cikin nau'i sama da 2,000 da ake da su a duniya, yawancin masu walƙiyar kowanne da salon ƙyallinsa. Fitilar lantarki mai kwana a kunne tana dushe wannan kira, feshi kuma yana bin ƙasa ya kashe tsutsar tun ba ta yi fiffike ba. Ni dai duk gonar da na ga makesu na ƙyalli a cikinta da damina, na san ƙasarta ba ta sha guba ba tukuna.