Wai "surutu ne kawai", in ji mai bidiyo

To, Farfesan TikTok ya yanke hukunci: zama da masanin halayyar ɗan Adam surutu ne kawai, a ba mara lafiya ƙwaya ya kama gabansa. Sannu da ƙoƙari, malam!

Hira ce, ba musu, amma mai sauraron ma yana cikin maganin. Sigmund Freud, wanda ya assasa wannan hanya ta magani da hira, ya so likita ya zama kamar madubi, kada ya nuna komai nasa. Amma a 1950 wata ƙwararriya a fannin, Paula Heimann, ta ce abin da ke taso wa likita a rai lokacin zaman, haushi ne ko tausayi, kayan aiki ne. Daga baya masana biyu, Stolorow da Atwood, suka ɗora: duk abin da ya fito a ɗakin, likita da mara lafiya ne tare suka haifar da shi.

Don ku ga tasirin wanda ke gabanka, ku duba gwajin masanin halayyar yara Edward Tronick na 1978. Uwa na wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuska minti biyu zuwa uku. Yaro ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya kau da kai, ya ɓarke da kuka, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna bugun zuciyarsa na ƙaruwa. Ba duka, ba tsawa, fuska kawai aka janye. A Parma ta Italiya kuma, a 1992, tawagar masanin ƙwaƙwalwa Rizzolatti ta ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri suna motsawa idan ya ɗauki abinci, suna kuma motsawa idan ya ga wani ya ɗauka. Wani zai ce, "Ai biri ne!" To, a 2010 an ga irinsu a mutane. Wannan ba ya nufin likita na karanta zuciyarka, masu faɗin haka ma su huta.

Shi ya sa zaman ke da ƙa'ida: minti 45 zuwa 50, rana da lokaci ba sa sauyawa, waya a kashe, ɗan rakiya ya ɗan jira a waje. A nan Kano wurin da ake ɓata aikin ke nan. An tambayi baiwar Allah yaya barci, maigida ya amsa "lafiya lau", likita kansa na kan fayil. Wa ya saurare ta? Likitan ma in ya ɗora wa mara lafiya gajiyarsa ya yi ɓarna, don haka yake buƙatar na gaba da shi ya riƙa duba aikinsa.

Ƙwaya na da muhallinta, babu wanda ya ce a zubar.

Ku kuma masu shayarwa ido na kan waya, da iyaye mazan da sai yara sun yi barci kuke barin majalisa, zan dawo kanku.