Mai Kofaton Gidan Alhaji

Abin ya faro ne a wani dare na bazara da aka ɗauke wuta, zafi ya hana kowa barci, na shimfiɗa tabarma a barandar benen da muke haya ina ta lalube cikin waya. Ban san ta yadda aka yi ba, daga neman labarin farashin masara sai YouTube ya jefo mini wani guntun fim baƙi da fari na Amurka, wanda aka yi a shekarar 1943, mai suna Stormy Weather. Wasu baƙaƙen fata biyu ne wa da ƙane, Fayard da Harold Nicholas, sanye da baƙar kwat mai jela, suna rawa a tsakiyar makaɗa. Suka haye teburan makaɗan, suka taka kan fiyano, sannan suka hau wata doguwar matakala suka riƙa saukowa, wannan ya tsallake kan wancan ya dira a matakin gaba ƙafafu a ware ɗaya gabas ɗaya yamma, kuma ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa ƙasa ba. Na kalli abin sau tara a wannan daren, har sauro ya gama da ƙwaurina ban sani ba.

Rawar ita ce wadda Amurkawa suke kira tap, ni kuwa na raɗa mata rawar ƙwas-ƙwas. Takalmin mai yin ta yana da faranti biyu na ƙarfe a ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin yatsu ɗaya a dunduniya, saboda haka duk motsin da ƙafa ta yi sai ya fito da amo. Abin da ya fi burge ni shi ne mai rawar shi ne makaɗin kansa. A wurinmu ko ɗan koroso da ya ɗaura akayau a ƙafa yana bukatar makaɗi a gefe, amma waɗannan mutane sun mayar da daɓen ɗaki kalangu, ƙafafunsu kuma suka zama makaɗi, alhali fuskarsu tana murmushi kamar waɗanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Cikin mako biyu kuɗin da nake warewa na data a wata ya ƙare a kan mutanen da akasarinsu sun daɗe a kabari. Na san Fred Astaire da Ginger Rogers, waɗanda suka yi fim 10 tare tsakanin 1933 da 1949. Na gane cewa Astaire ba ya yarda a riƙa yanka hoton rawarsa gunduwa-gunduwa, sai dai kyamara ta nuna shi tun daga kai har tafin ƙafa, ta kuma daɗe a kansa, domin kada a ce an ɓoye wani ha'inci. Na ga Gene Kelly a wani fim na 1952 yana watsal-watsal cikin ruwan sama da lema a hannu, na ga Eleanor Powell tana kafaɗa da kafaɗa da Astaire a 1940 ba ta bar masa ko taku ɗaya ba. Har wajen da Astaire ya taka bango ya koma yana rawa a jikin silin na kalla, ko da yake daga baya na karanta cewa ɗakin ne gaba ɗaya aka gina cikin wata ƙatuwar ganga mai juyawa, aka ɗaure kyamarar tana juyawa tare da shi.

Wanda ya jefa ni cikin wahala dai shi ne Bill Robinson, mai rawar matakala. A wani fim na 1935 ya riƙe hannun wata yarinya, Shirley Temple, suna hawa matakala suna saukowa, kowane mataki da irin amon da yake bayarwa. Da na bincika sai na tarar an haife shi a 1878, wato yana da shekara 56 lokacin da aka ɗauki hoton, ita kuma yarinyar tana da 6. Nan na zauna na yi wani lissafi wanda har yau nake jin kunyarsa. Na ce abin da dattijo mai shekara 56 ya yi, kuma yarinya mai shekara 6 ta yi, babu dalilin da zai sa ya gagari magidanci mai 47 wanda yake tsakaninsu. A cikin lissafin ban sanya tumbina ba, ban kuma sanya cewa rabona da gudu tun ranar da karen wani maƙwabci ya tsinke igiya ba.

Washegari na ɗauki sau-cikin da nake ji da shi, wanda ba na sawa sai ranar taro, na kai wa shumekan bakin titinmu. Ya juya takalmin, ya ƙwanƙwasa ƙasansa, ya dube ni.

“Yallaɓai, ai wannan ƙasansa bai ci ba ko kaɗan. Me za a gyara?”

Na ce masa ƙarfe nake so ya maƙala mini, biyu a gaba biyu a baya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi dai rabonsa da irin wannan aiki tun zamanin da ’yan boko suke sa ƙarfe a dunduniya don a ji shigowarsu ofis, kuma ko a lokacin ba a sa wa a gaba sai dai in doki ne. Ba shi da ƙarfen da ya dace, amma ya ce idan zan samo cokula huɗu masu kauri zai san yadda zai yi. Da daddare na shiga kicin a sace na zare huɗu daga cikin cokulan da uwargida take ajiye wa baƙi, waɗanda ta zo da su tun kayan aurenta. Shumeka ya guntule mariƙansu, ya daddage bakunan da guduma har suka baje, ya huda su ya kafe da ƙananan ƙusoshi. Ya karɓi naira 2,000, ya kuma ƙulle mini mariƙan huɗu a leda saboda shi mutum ne mai amana, ni kuma na jefa su cikin aljihun wando na manta.

Kwana biyu uwargida tana tuhumar yara kan cokulanta. Na sa baki na yi musu nasiha mai ratsa jiki a kan muhimmancin kula da kayan gida.

Na fara atisaye da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan kowa ya kwanta, a kan tayil ɗin falo. Darasin farko da na gani a intanet mai sauƙi ne a ido: ka goga gaban ƙafa gaba, ka dawo da ita baya, ka sauya nauyinka zuwa ɗaya ƙafar, ka saki idon sawu ya yi laushi. A kunnena abin da ke fita bai da maraba da na Astaire. Yanzu da hankalina ya dawo na san ya fi kama da akuya ta hau rufin kwano tana neman hanyar sauka. Abin da ban yi tunani ba shi ne daɓen falona shi ne rufin ɗakin barcin Alhaji mai gidan, wanda yake zaune a ƙasa da iyalinsa.

A daren farko Alhaji ya ɗauka gafiya ce, ya sa aka zuba magani. A dare na biyu ya zagaya gidan da tocila da gora. Ranar ta uku, bayan an sallame sallar asuba, ya juyo ya shaida wa jama’ar masallacin unguwa cewa akwai abin da ke yawo a saman ɗakinsa da tsakar dare, kuma shi da ya yi kiwon doki a ƙuruciyarsa ya san amon kofato idan ya ji shi. Ya ce abin ba ya tafiya irin ta dabba, sai ya yi taku uku ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya sake komawa farko. Masallaci ya ɗauki salati, kowa yana cewa Allah ya tsare, ni ma na ce Allah ya tsare da murya mai ƙarfi.

“Malam, kai da kake saman, ba ka ji komai ba?” in ji Alhaji.

Na ce, “Alhaji, ni mutum ne mai nauyin barci.” Wannan magana gaskiya ce, illa dai ba ita ce amsar tambayar ba.

Daga ranar na dakatar da atisayen dare, na ƙudura cewa sai ranar Asabar, lokacin da uwargida za ta kai yara gidan suna, Alhaji kuma na ji yana cewa yana da ɗaurin aure. Ranar ta zo, gida ya yi tsit, na sa baƙin wando da farar shat, na ɗaura takalmina na fito matakalar gidan, mai taki goma sha biyu na siminti mai sulɓi. Na jingina waya a jikin taga yadda za ta ɗauke ni daga kai har ƙafa, bisa ƙa’idar Astaire, domin ni ma ba na son a ce na yi ha’inci. Ban san cewa da sassafe Alhaji ya karɓo ruwan addu’a, Hajiyarsa ta bi matakalar taki bayan taki ta yayyafa ba. Ban kuma san cewa an ɗaga ɗaurin auren zuwa bayan azahar ba.

Taki na farko da na biyu sun tafi lafiya, har na ji wani daɗi ya taso mini, na buɗe hannuwa na saki murmushi irin na mutanen fim. A taki na uku bajajjen cokali ya haɗu da jiƙaƙƙen siminti. Ƙafar dama ta yi gaba ba tare da ta shawarce ni ba, ta hagu ta tsaya inda take saboda dunduniyarta ta maƙale, ni kuma da ke tsakaninsu na sauka. Na ji ƙara biyu a lokaci guda, ɗaya daga wando ɗaya daga cinyata. Daga nan na gangara sauran takin tara a zaune, kowanne yana gaisawa da ƙashin bayana, cokula suna ta ƙyal-ƙyal, har na dira a ƙofar falon Alhaji ƙafafu a ware, ɗaya gabas ɗaya yamma. A duk abin da ’yan’uwan Nicholas suka yi a wancan fim, wannan kaɗai na iya, kuma na yi shi cikakke, sai dai su suna miƙewa.

Ƙofa ta buɗe a hankali. Gorar Alhaji ce ta fara leƙowa, sannan carbinsa, sannan shi kansa yana karanta abin da ya sawwaƙa, Hajiya tana bayansa riƙe da sauran ruwan a kofi. Ya dube ni, ya dubi tafin takalmina da ke fuskantarsa yana walƙiya, ya sunkuya ya ƙwanƙwasa cokalin da gorarsa, ya saurari amon.

“Malam,” ya ce, “ashe kai ne mai kofaton?”

Hajiya kuwa cewa ta yi, “Alhamdu lillahi, Alhaji, addu’a ta ci tun ba a je ko’ina ba.”

Samari biyu ne suka ɗauke ni kamar buhun gero suka mayar da ni sama. Mai ɗori ya zo ya lallatsa, ya ce babu karaya, targaɗe ne da jijiyar cinya da ta ja, sannan ya tambayi abin da ya kai ni. Alhaji ya riga ni amsawa, ya ce rawar Turawan zamanin da nake koyo, ya faɗe ta da irin muryar da ake faɗin cutar da ba a son suna.

Kwana goma sha biyu na yi a kwance ina warin man zafi, kuma a nan ne na karanta abin da ya kamata in fara karantawa. ’Yan’uwan Nicholas ɗin nan tun suna yara ƙanana suke rawa a birnin Filadelfiya, inda iyayensu suke kiɗa a gidan wasa, kuma Harold yana ɗan shekara 11 suka fara wasa a gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem ta birnin New York a 1932. Duk da wannan baiwa, a fina-finai da dama akan ware rawarsu daga jikin labarin, yadda gidajen silima na kudancin Amurka za su iya yanke ta saboda launin fatarsu. Astaire yakan shafe makonni yana maimaita rawar da ba ta wuce minti uku ko huɗu a fim ba. Debbie Reynolds, wadda ta fito tare da Gene Kelly tana da shekara 19, ta yi ta maimaita rawa guda tun safe har dare sai da ƙafafunta suka yi jini. Murmushin nan da ya yaudare ni, ashe shi ma wani ɓangare ne na aikin, an koye shi ne don ya rufe gumi.

Abin da ya fi yi mini ciwo, har ya fi cinyar, shi ne da na gano cewa amon ƙwas-ƙwas ɗin da ake ji a yawancin waɗannan fina-finai ba a lokacin ɗaukar hoton aka naɗe shi ba. Bayan an gama ne mai rawa yakan shiga ɗakin naɗar sauti, ya kalli hoton kansa, ya sake buga takun daidai da shi, kuma sau da yawa Hermes Pan, abokin aikin Astaire wajen tsara rawa, shi yake buga na Ginger Rogers. Da na san haka, ai da na yi rawata da safa a kan darduma cikin rufin asiri, in ya so daga baya in zauna a kujera in ƙwanƙwasa cokulan a kan tebur, cokulan suna nan da mariƙansu, ni ma ina nan da cinyata.

Uwargida ba ta ce mini komai ba a kan rawar, abin da ya fi tayar mini da hankali. A rana ta huɗu ta ɗauki yagaggen wandon za ta kai wa tela, ta laluba aljihu kamar yadda ta saba, na ji ƙarar leda, sannan na ji shiru mai tsawo. Can ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri a gabana, ta ce su je su tambayi babansu ya ƙara musu bayani a kan kula da kayan gida. Da magariba ta kawo mini kunun gyaɗa mai zafi a kwano, ta ajiye a gefen gado, ta ɗora mini mariƙin cokali guda a kan murfin.

“Bismilla, Malam,” ta ce. “Sauran yana ƙasan takalminka.”